Za mu koma Legas da ɗanmu mai otizim: ina za mu zauna, wace makaranta za mu kai shi?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta ce an yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Apapa, yana kuma so iyali su biyo shi. Babban ɗansu shekararsa 6, likita ya tabbatar yana da otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Kalmomin da yake faɗa ba su wuce goma ba, ƙara tana firgita shi, kuma har yanzu sai an kai shi banɗaki. Yana da ƙane ɗan wata 20 wanda ta lura shi ma ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. Tana so ta san unguwar da ta dace, da makarantar da ta fi kyau, da kuma ko gaskiya ne ana warkar da wannan lalura a Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya ba ki ladan ɗawainiya. Ni malamar yara masu buƙata ta musamman ce, na fi shekara goma ina wannan aiki a nan Legas. Iyalai da yawa daga Arewa sun zo mini da irin tambayarki, amma akasari sai bayan sun biya hayar shekara guda a inda bai dace ba. Ke kin yi tambaya tun kina gida, kuma wannan ya bar miki zaɓi a hannu.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce ke hana ki barci. Ba a warkar da otizim a Legas, ba a warkar da shi a Indiya ko Ingila. Ba ciwo ba ne da ya shiga jikin yaro kamar zazzaɓin cizon sauro, da za a ba shi magani ya fita. Yadda ƙwaƙwalwarsa ta ginu ke nan tun farko, gado yana da babban kaso a ciki, kuma da shi zai girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi, an kuma fi gano shi a maza. Ba wani abu kika ci ba, ba wani sakaci kika yi ba, ba kuma allurar rigakafi ba ce. Binciken 1998 da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma hana likitan aiki. Abin da Legas ta fi yawancin garuruwanmu da shi shi ne yawan masu aikin: likitocin yara, masu koyar da magana, cibiyoyi, da iyaye da suka riga ki bin wannan hanya. Da taimakonsu yaro yana iya koyon faɗin buƙatarsa, da kai kansa banɗaki, da sa rigarsa, da zama cikin mutane ba tare da firgici ba. Wasu har karatu da sana'a. Wannan shi ne abin da za ki zo nema. Ina jan kunnenki, don Legas kasuwa ce: za ki haɗu da masu sayar da ƙwayoyin gina jiki masu tsada, da masu tsarin abinci na musamman, da masu sa yaro a ɗakin iskar oksijin, kowa yana cewa nan da wata shida zai yi magana. Duk wanda ya yanka miki ranar warkewa, ki riƙe jakarki ki fita.

Wani abu kaɗan game da suna. A gida muna cewa galahanga, amma kalmar muna yafa ta a kan lalurori daban-daban, har da yaran da aka haifa da lalurar Down da masu shanyewar gaɓɓai tun haihuwa. Buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Idan kin zo nan ki riƙa faɗin sunan da likita ya rubuta, don akwai makarantun da suka ƙware da waɗancan yara amma ba su san yadda za su yi da naki ba.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Kada ku kama gida tukuna. A nemo makaranta, a nemo gida kusa da ita, sannan maigida ya duba yadda zai riƙa zuwa Apapa. Mutanenmu kan yi akasin haka: a kama gida inda ɗan'uwa yake ko inda haya take da sauƙi, daga baya a shiga neman makaranta. A Kano wannan ba laifi, don minti talatin ya kai ki ko'ina. A Legas tafiyar kilomita goma tana iya cin awa biyu da safe. Na koyar da wani yaro da iyayensa suka samar masa cibiya mai kyau ƙwarai, amma sai an tsallake gadar Third Mainland, wadda ita kaɗai ta kusa kilomita 12. Ana tayar da shi kafin asuba, ya sha hon da hayaƙi da ihun kwandastan motar haya ta danfo, ya iso aji yana cizon hannunsa. Awa biyun farko kullum a rarrashi suke tafiya. Da yamma kuma ya koma gida a gajiye, ba abin da uwa za ta iya maimaita masa. Kuɗi suka zuba, ba su ga amfaninsa ba, har sai da suka mayar da shi wata ƙaramar makaranta da ake zuwa da ƙafa. A zango biyu ya fara nuna abin da yake so da hoto. Makarantar farko ta fi ta biyun kayan aiki nesa ba kusa ba, amma yaron da ke isa ta biyun a natse yake isa. Idan dole wani ya sha gosulo a gidanku, maigida ne zai sha, ba yaron ba. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, kuma ki faɗa masa tun yanzu.

Ta fuskar makarantu, gwamnatin jihar tana da sassa na musamman a cikin makarantun firamare da sakandarenta, sun haura 40, a warwatse cikin ƙananan hukumomi, inda yara masu lalura suke karatu a haraba ɗaya da sauran yara. Kyauta ne. Na firamaren suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, LASUBEB, kuma ofishin ilimi na ƙaramar hukumar da za ku zauna zai gaya miki wanda ya fi kusa. Doka tana bayanki: Legas tana da dokarta ta masu buƙata ta musamman tun 2011, wadda ta kafa LASODA, ofishin jiha mai kula da harkokinsu, kuma dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce ilimi kyauta ne ga mai lalura har ƙarshen sakandare, ba a kuma yarda a nuna masa bambanci ba. Ki yi wa yaron rajista da LASODA da zarar kun sauka. Amma in gaya miki gaskiya, a yawancin waɗannan sassa yara sun yi wa malamai yawa, kuma aji ɗaya yakan haɗa kurame da masu jinkirin fahimta da masu otizim. Akwai malamai a cikinsu da nake girmamawa matuƙa, masu haƙurin da ba a saye da kuɗi. Sai dai yaro mai gudun ƙara wanda bai iya kai kansa banɗaki ba yana iya ɓacewa a irin wannan aji. Akwai kuma tsofaffin makarantu na musamman, irin su Modupe Cole a Akoka da Atunda Olu a Surulere, waɗanda suka daɗe suna kula da yara masu lalurar jiki da ta fahimta. Pacelli ta makafi ce, Wesley ta kurame, duk a Surulere. Za a ambata miki su idan kin ce makaranta ta musamman, amma ba su ne naki ba.

Sai cibiyoyi masu zaman kansu da suka tsaya a kan otizim. Patrick Speech and Languages Centre da ke Ikeja tana cikin na farko-farko, tun 2006 take aiki, kuma bayanta an buɗe wasu da dama, musamman a Ikeja da Lekki. Su ne suka fi kusa da abin da ɗanki yake buƙata yanzu, su ne kuma suka fi tsada. Wasu kuɗinsu na shekara yana shiga miliyoyin naira. Akwai hanya ta uku da iyaye da yawa ke bi: a sa yaro a makarantar kuɗi ta kowa da kowa, a ɗaukar masa wata mai zama kusa da shi a aji, wadda a nan ake ce wa shado, ku ne kuma za ku riƙa biyan albashinta. Wannan yana yi wa yaron da yake magana, yake iya zama minti goma sha biyar a kujera. Ga ɗanki a yanzu ba na ba da shawararsa. Abin da na sha gani shi ne shado ta zama mai raino kawai, tana zaune da yaro a bayan aji tana hana shi damun mutane, shekara ta ƙare an ba shi sakamako mai kyau alhali ko neman ruwa bai koya ba. A ra'ayina ya fara da shekara ɗaya ko biyu a ƙaramin aji inda za a tsaya a kan sadarwa da kula da kai, daga nan a duba haɗa shi da sauran yara, ko da na rabin yini ne.

Ba zan ce miki makaranta kaza ce ta fi kyau ba, don ba suna ne ke koyar da yaro ba, malamar ajinsa ce, kuma malamai a Legas suna yawan canja wurin aiki. Gani ya kori ji. Ki zo da kanki na mako guda kafin ƙaura, ki bar yaron wajen wadda ya saba da ita, ki ziyarci wurare uku ko huɗu lokacin da ake karatu, ba ranar Asabar ba, ba bayan an tashi ba. Idan aka tsayar da ke a ofis ana nuna miki hotuna da lambobin yabo aka ƙi barinki ki leƙa aji, kin samu amsarki. Idan kin shiga, kada fenti da na'urar sanyaya ɗaki su ɗauke miki hankali. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya. Ga irin ɗanki, babba ɗaya ga yara uku ko huɗu shi ne abin nema. Ki duba yaran da ba sa magana: da me suke faɗin buƙatarsu? Akwai katunan hoto a hannunsu ko a bango daidai tsayinsu, ko kuwa an kulle su a durowa sai baƙi sun zo? Akwai jadawalin yini na hotuna da yaro zai duba ya san abin da ke tafe? Ki tsaya har wani yaro ya rikice, don sai ya rikice, ki ga abin da za a yi. Malamar kirki takan rage murya, ta rage magana, ta janye shi wuri mai shiru. Wadda ba ta san aiki ba takan ɗaga murya ta danne shi. Na taɓa shiga wata makaranta mai kyan gini na tarar an ɗaure yaro da ɗankwali a jikin kujera, aka ce mini don kada ya ji wa kansa ciwo ne. Har yau ina tuna idonsa. Ki tambaya kai tsaye: kuna duka? Kuna kulle yaro shi kaɗai? Ɗanki ba zai iya dawowa ya ba ki labari ba, don haka dole ki tambaya a madadinsa.

Ki tambayi malamar ajin, ba mai makarantar ba, inda ta yi karatu da kuma shekara nawa ta yi a wannan ajin. Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo da jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero duk suna horar da malaman wannan fanni. Masu koyar da magana da masu horar da yaro ayyukan hannu da na yau da kullum kuwa, hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan ƙwararru, MRTB, ce ke yi musu rajista, kuma ba rashin kunya ba ne ki nemi ganin shaida, don mutane da yawa suna yin kwas na mako biyu su fara kiran kansu ƙwararru. Ki ce a nuna miki samfurin tsarin karatu na yaro ɗaya, wanda ake kira IEP, an rufe suna. Mai kyau yakan ce abu kamar: nan da ƙarshen zango yaro zai miƙa hoton ruwa da kansa idan yana jin ƙishi, sau huɗu cikin biyar. Marar kyau yakan ce: za a inganta magana. Kuma dole ki kasance a wurin lokacin da ake rubuta na ɗanki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za ki ji cibiyoyi da yawa suna cewa ABA suke yi. Hanya ce ta koyarwa da ke rarraba aiki ƙanana-ƙanana, ana ba yaro lada idan ya yi. A hannun mai hankali tana koyar da abubuwa masu amfani. A hannun wanda bai fahimta ba takan koma tilasta wa yaro kallon ido da hana shi kaɗa hannu na awanni, kuma manya masu otizim da aka yi wa haka suna yara sun fito sun ce ya cutar da su. Kaɗa hannu ko jujjuya jiki hanyarsa ce ta kwantar da kansa. In ba ya ji wa kowa ciwo, a bar shi. Abin tambaya shi ne ko abin da ake koya masa zai amfane shi a gida ranar Lahadi.

Kan kuɗi, ki sa a rubuta miki komai. Sau da yawa kuɗin makaranta daban, kuɗin mai koyar da magana daban kuma kowane zama ake biya, kuɗin gwajin shiga daban, mota daban. Ku zauna da maigida ku lissafa abin da za ku iya biya shekara uku a jere ba tare da bashi ba. Matsakaiciyar makaranta da yaro zai daɗe a ciki ta fi babba da za a cire shi bayan zango biyu, don kowane canji yana mayar da irin waɗannan yara baya. In ƙarfinku bai kai cibiya ba, sashen gwamnati mafi kusa da safe, da zama ɗaya ko biyu a mako wajen mai koyar da magana wanda zai yarda ki zauna ki koya ki maimaita a gida, tsari ne mai mutunci, na kuma ga ya yi aiki. Bankin GTBank kuma yana shirya taron otizim duk shekara a Legas, galibi a watan Yuli, inda ƙwararru ke duba yara kyauta. Ana cika sosai, amma a can za ki haɗu da iyaye, kuma iyaye su ne suka san makarantar da ta lalace bana da wadda ta gyaru.

Asibiti ba zai ba ki wahalar nema ba. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a Idi-Araba, da na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, a Ikeja, da sashen yara da matasa na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na Yaba, wanda yake a reshensu na Oshodi. 'Yan Legas suna tsokana da sunan Yaba, kada wannan ya hana ki zuwa. Kafin ku taso ki karɓi takardar miƙawa da cikakken rahoto daga likitansa na Kano, da sakamakon gwajin ji. In ba a taɓa yi ba, a yi. In yana shan maganin farfaɗiya, wadda ta fi yawa a yara masu otizim, ki taho da na wata biyu, kada ya yanke ko na kwana ɗaya.

Idan kin haɗa wannan da batun unguwa, wurare biyu ne nake fara ambata wa mutanenmu. Idi-Araba da gefen Surulere: asibiti a bakin ƙofa, Hausawa da masallatai da abincin gida, kuma sun fi kusa da Apapa. Sai Agege da kewayenta: tsohon zangon Hausawa ne mai sarkinsa, kusa da Ikeja inda cibiyoyi suke, kuma jirgin ƙasa da ake kira Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, wanda zai rage wa maigida hanya. Lekki da Ajah suna da cibiyoyi, amma haya da cunkoso sun yi yawa ga mai aiki a Apapa. Ki kuma sani an hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, har da Ikeja da Surulere da Mushin da Apapa, don haka kada ki gina lissafin kai yaro makaranta a kan babur.

Shi kansa gidan, ejan zai kai ku da rana tsaka lokacin da unguwa take shiru. Maigida ya koma da dare lokacin da aka ɗauke wuta ya ji inda janaretan maƙwabta yake, ya koma daren Juma'a da safiyar Lahadi ya ji lasifikoki da wuraren biki. Gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna da banɗaki na tarayya zai wahalar da ku, don koyar da banɗaki yana son wuri ɗaya da ba a jira. Ku duba bango ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, don ambaliyar Yuni da Yuli ba wasa ba ce. Mafi muhimmanci, ƙofa da ruwa. Yara masu otizim da yawa suna sulalewa su fita, ruwa kuma yana jan su, Legas kuwa cike take da manyan kwatoci da magudanai a buɗe. A sa sakata sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a rufe rijiya da durom. A Kano duk layinku sun san shi, in ya fita mai shago zai riƙo hannunsa ya dawo da shi. A nan ba wanda ya san shi, ba ya faɗin sunansa, kuma Hausa kaɗai yake ji. Ki ɗinka lambar waya a cikin rigunansa ko ki sa masa abin hannu mai ɗauke da ita. A makon farko ki zaga da shi ki nuna shi ga maigadi da mai shago da mai shayi da limamin unguwa, ki ce ga ɗana, ba ya magana, in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe shi ku kira ni. Na san ɓoyewa ta fi sauƙi a zuciya, amma waɗannan mutane su ne katangarsa. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767.

Akwai maganar da kusan tabbas za a faɗa miki a makaranta: ki daina yi masa Hausa, a tsaya a kan Turanci kada a rikita shi. Kada ki yarda. Binciken da aka yi a kan yara masu otizim da ke tashi da harshe biyu bai nuna cewa hakan yana ƙara musu jinkirin magana ba. Abin da na gani da idona shi ne uwa ta koma yi wa ɗanta guntun Turanci, hirarta da shi ta ragu, kakarsa ta kira a waya ba abin da za ta ce masa. Kalmominsa goman nan da Hausa ya same su, su ne jarinsa. Ki rubuta wa malamarsa su a takarda da yadda yake furta su da ma'anarsu, ki ƙara da waɗanda yake ganewa: zo, zauna, ruwa, fitsari, bari, an gama. Malamai Yarbawa da Ibo da na yi aiki da su suna koyon wannan a kwana biyu, kuma yaro yakan saki jiki da wadda ta ce masa zo da harshen uwarsa. A takardar ki ƙara abin da yake ci, abin da ke firgita shi, da abin da ke kwantar da shi. In tuwo da miyar kuka kaɗai yake ci, ki sa masa a kula ya tafi da shi. Kayan miyarmu suna nan a Agege da Mile 12, kuma watan ƙaura ba lokacin koya masa sabon abinci ba ne.

Islamiyya kuma kada ki yi gaggawa. Aji mai yara hamsin suna karatu da ƙarfi ga bulala a hannun malam zai iya sa ya tsani wurin har abada. Ki samu malami ko malama mai taushin hali ta riƙa zuwa gida minti goma ko sha biyar. Yara masu otizim da yawa suna da kunnen hadda, suna kama sura daga sauraro tun kafin su iya hira. Addu'a da tofi ba su hana zuwa makaranta, ni ma ina yi wa ɗalibaina addu'a. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne duka ko turnuƙe yaro da hayaƙi ko ɗaure shi da sunan cire aljani.

Game da lokacin tafiya, shekarar karatu a nan tana farawa a Satumba, don haka Agusta ya fi dacewa, in bai samu ba sai hutun Disamba. Maigida ya riga ku, ya kama gida bayan kin zaɓi makaranta, ya ɗauko bidiyon ɗakin yaron da ƙofar gida da ƙofar makaranta da fuskar malama, ki riƙa nuna masa kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya. In da hali ku hau jirgin sama, wajen awa ɗaya da rabi ne, maimakon kwana a mota. Ki sa masa abin toshe kunne, ki sanar da ma'aikatan jirgi. Bargonsa da kofinsa da abin wasan da yake riƙewa su kasance a jakar hannunki, kada ki wanke bargon, kada ki sabunta komai. In akwai ƙanwarki ko wata da ya saba da ita da za ta iya biyo ku ko na wata uku ne, ki roƙa. Abin da mata suka fi rasawa idan sun zo Legas ba makaranta ba ce, hannun da zai karɓi yaro su yi wanka ne.

Makonnin farko zai koma baya. Barci zai lalace, yana iya komawa fitsarin kwance, kalmomin ma suna iya raguwa. Ba makarantar ce ta ɓata shi ba, ba kuma kuskure kuka yi da kuka zo ba. Ki roƙa a fara masa da awa biyu a rana ana ƙarawa a hankali, ki ba wurin zango guda cikakke kafin ki yanke hukunci, sai fa in kin ga tabo a jikinsa ko ya fara firgita da ganin wani mutum takamaimai. Wannan ba a jira.

Shi kuma ƙaramin, kada ki jira ku zo Legas. Ƙanen yaro mai otizim ya fi sauran yara yiwuwar samunsa, wajen 1 cikin 5 a binciken da aka bi irin waɗannan ƙanne, wato mafi yawansu ba su da shi, amma zarginki ya isa dalilin dubawa. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, likitan yara zai cika ta tare da ke cikin 'yan mintuna. A gwada jinsa shi ma. Kafin ranar ganin likita, ki ɗauki gajerun bidiyo a waya: kina kiran sunansa daga baya, kina nuna masa abu da yatsa ki ga ko zai bi da ido, da yadda yake wasa shi kaɗai. A bidiyon likita yakan ga abin da ba zai gani a ɗakin asibiti ba. In sakamakon ya nuna a ci gaba da bincike, ki faɗa wa duk makarantar da za ki ziyarta cewa yara biyu ne, ki tambaya ko suna karɓar 'yan ƙasa da shekara uku da kuma ko akwai ragi ga 'yan'uwa, don wannan zai iya canja wadda za ki zaɓa. Allah ya kawo ku lafiya.